Ranar da Yayana Ya Bi Ƙurar Wani

Yayana, Allah ya jiƙansa, shofer ne. Kamiyo, wato babbar motar kaya, yake tuƙawa, yana ɗauko albasa daga garaken Tabelot ya kawo Agadas. Hanyar tana ratsa duwatsun Abzin, ta faɗa yashin ƙorama, ta hau tudu, ta karkata a wuraren da mota biyu ba sa wucewa tare. Nakan bi shi idan ɗalibaina sun samu hutu, don ina son zama kusa da shi.

Ba ya manne wa motar da ke gabansa. In ya tarar da wata, sai ya ja baya har ƙurarta ta kwanta. Yakan ce na gaba ma yana da iyali, bai kamata a sa shi gudun da bai yi niyya ba. In kuwa wani ya taso masa ta baya, sai ya nemi wuri mai faɗi ya raɓe, ya fitar da hannu ta taga ya ce a wuce. Mai wucewa ya busa ƙaho, shi kuma ya ɗaga hannu, alhali ba su san juna ba. Ko da aka samu zinariya a arewa, samari suka cika hanya da ƙananan motoci masu gudu, ban taɓa jin ya zagi ɗaya ba. Allah ya kai ku lafiya kawai yake cewa.

Wata bazara muka yi lodi tare da babban abokinsa, wani dogon Ba'abzine da suka koyi tuƙi tare. Da aka gama ɗaure buhuna, na ga mutumin nan ya kawo jan ƙyalle mai faɗi ya ɗaura a bayan kamiyonsa.

Na ce, "Baba, wannan kuma na mene ne?"

"Ado ne, Malam. Motata amarya ce." Ya juya wajen Yaya. "Tsoho, yau ni ne a gaba. Ka daɗe kana ciyar da ni ƙura, yau kai za ka ci."

Yaya ya ce, "Kai da tuƙinka kamar raƙumi mai ciwon ƙafa? Sai jibi mu isa."

Muka yi bisimilla muka kama hanya. Ba mu yi nisa ba na ga abin da ban taɓa gani ba. Yaya ya manne wa motar abokinsa, ƙura na shigowa har cikin haƙoranmu.

"Yaya, ba za ka ja baya ba?"

Ya sunkuyo gaba, ya ƙanƙance idanu. Sai da muka wuce wani gangare sannan ya yi magana, bai dube ni ba.

"Auta, ƙyallen nan kaɗai nake gani sosai. Tun damina gefen hanya ya zame mini kamar an shafa masa toka."

Ni kuwa ban iya tuƙi ba. Ga rami a hagunmu, ga albasar mutane a bayanmu, wadda in ta kwana biyu a zafin nan ta lalace.

"Wa ka faɗa wa?"

"Ba kowa. Abokin nawa ma ban faɗa masa ba."

Daga nan na fara lura da na gabanmu. Kafin kowace karkata yana rage gudu tun da nisa. Inda dutse ya tsaya a tsakiyar hanya, sai ya kauce a hankali don na baya ya bi sawunsa. Ni dai ina jan carbi, ina ta salati a ciki.

Bayan azahar wata farar mota ta masu zinariya ta taso mana, tana busa ƙaho ba ƙaƙƙautawa.

Yaya ya ce, "Duba mini wuri mai faɗi."

"In ya shiga tsakaninku fa? Me za ka bi?"

"Ka duba dai. Wataƙila mara lafiya ya ɗauko."

Ina cikin dubawa sai na ga jan ƙyallen ya karkata dama. Abokin ya hango komai ta madubi, ya samu fili a gindin wata bishiyar ƙaya, ya raɓe, ya bar mana wurin da zai ishe mu a bayansa. Yaya ya bi shi ya tsaya, ya fitar da hannu ta taga kamar kullum. Farar motar ta wuce mu duka biyu. Yaron da ke tuƙa ta bai busa ƙahon godiya ba, bai ko waiwayo ba. Yaya ya bar hannunsa a sama har ƙarar ta ɓace.

Da la'asar duwatsu suka ƙare, ƙasa ta shimfiɗe. Yaya ya tambaye ni ko na hango hasumiyar babban masallaci. Na ce na hango. A da shi yake riga kowa ganinta.

Ya ce, "Alhamdu lillahi."

A wurin sauke kaya abokinsa ya zo yana kaɗe rawani.

"Tsoho, ka ƙoshi da ƙura ko a ƙara maka?"

"Ƙurarka ma ba ta da daɗi," in ji Yaya.

Ya zagaya bayan kamiyon abokin, ya lalubi ƙullin, ya kwance ƙyallen, ya ninke shi ya sa a aljihu. Abokin ya kawar da kai yana duban masu sauke buhuna. Washegari Yaya ya mayar wa mai motar mabuɗinsa, bai sake tuƙi ba har Allah ya karɓi ransa.

Har yanzu nakan bi hanyar Tabelot in ziyara ta kama, cikin motar haya. Yaran yanzu sun iya tuƙi, ba na raina su. Amma duk sa'ad da muka taso wa wata tsohuwar kamiyo a baya, shoferenmu ya matsa mata yana ƙaho, sai in samu kaina ina leƙen tagarta, ina jiran hannun nan ya fito.