Zuriyar Mai Tulu

Wata ranar Asabar, a kakar gyaɗar da na shiga aji huɗu, Baba ya shigo gidanmu na Toranke yana janye da wani rago Balami fari sol, dogo kamar ɗan maraƙi, sai da ya karkata kai kafin ƙahoninsa su wuce ƙofar zaure. Yaran unguwa suka biyo shi da ihu. Ni ma na yi ta tsalle, har na waiwaya na ga turken Mai Tulu wayam, ga ragowar harawarta a ƙasa. Sannan na gane da abin da aka musanya shi.

Mai Tulu tunkiya ce gajera, mummuna, mai baƙin tabo a ido, wadda hantsarta ta jawo mata wannan suna. Kakata Iya Fanna ta ce kakar tunkiyar nan da ita aka taso daga Barno, kuma a gidanmu ba a taɓa kai macen wannan zuriya kasuwa ba, sai dai a ba wa 'ya mace in an haife ta. Tagwaye take haifa, ta shayar da su, har marayan maƙwabta ta bari su tsotsa. Kullum in na taso daga makaranta ni ke dama mata dusa da kanwa, in yi mata roron ganyen gyaɗa a gonar bayan gida, in dawo ni da ƙawayena mu yi 'yar gala-gala a gefen turke. 'Ya'yanta kan yi ɓul-ɓul tun kafin a yaye su. Baba ya haɗa ta da manyan 'ya'yanta biyu ya kai kasuwar Ajingi. Ƙaramar kaɗai ya bari, don tawa ce.

A lokacin kowa a garin ya haukace da manyan ragunan layya, kuma Baba ba mugu ba ne, so yake mu ma a san da mu. "Kyan ɗa ya gaji ubansa," haka yake ta faɗa yana shafa wuyan ragon. "Iya, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Iya Fanna tana ɓarar gyaɗa, ko kai ba ta ɗaga ba. "Barewar da kake faɗa ai uwa ce, Modu. Rago ƙashi yake bayarwa, nono ke sa masa nama."

Da bazara sauran tumakinmu suka haihu. 'Ya'yan sun ɗauko tsawon ubansu sak, ƙafafu zaƙo-zaƙo, amma iyayen ba su da abin da zai ƙosar da su. Sai su yi ta dukan hantsa da kai suna kuka. Na riƙa ba su koko a kwalba, cikinsu ya kumbura, suka yi ta zawo, muna jan mushensu ɗaya bayan ɗaya zuwa bayan danga. Na sa rai ga tawa, don ita ce ta gaji nonon uwarta. To amma ƙarama ce, ɗan kuma ya yi mata girma. Ta wuni tana naƙuda a gindin dalbejiya, Iya Fanna na ja da hannu, ni ina riƙe da kanta a cinyata. Kafin magariba Baba ya kawo wuƙa don kada ta mutu mushe. Hantsarta cike take tam, nono na ɗiga a ƙasa. Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, kuma na ƙi cin naman.

Baba ya bi kasuwanni neman Mai Tulu, aka ce an loda ta a mota zuwa Kudu.

Yanzu ina aure a Gaya, kuma duk layya ina jin masu saye suna tambayar ragon ko Balami ne ko Uda, ba mai tambayar uwar da ta shayar da shi. Da na haifi 'yata Fanna, na aika aka sayo mata 'yar tunkiya kyakkyawa don kada al'ada ta mutu. Da dillalin ya kawo ta, na tambaye shi labarin uwarta, ya yi dariya ya ce, "Hajiya, wa ya san ta?"