Jan Sana da Koren Ruwa

A ƙauyenmu na gefen Minjibir gona ba ta da faɗi, shi ya sa abin tinƙahon manomi bai wuce taki da shanun huɗa ba. Nawa shanun biyu ne, fari da ja. Tun suna maruƙa na same su, ni na koya musu karkiya, har ta kai in na yi wa jan tsawa ɗaya ya san kunyar da zai bi. Da su nake huɗar gandunmu, da su nake yi wa mutane ƙwadago, da su gidana yake ci. Mai ɗakina takan ce da za a ba ni zaɓi tsakaninta da jan san nan, cewa zan yi a bari in yi shawara. Ban taɓa musa mata ba.

A bayan gari muna da tafki wanda ba ya ƙafewa ko bazara ta yi tsanani. A nan dabbobin gari suke sha, mata su yi wanki, masu lambu su ja ruwa. Ƙarshen gandunmu gangare ne da ya sauka har bakinsa. Al'adarmu, da rani ake kai taki gona, a zuba shi tsibi-tsibi ya jira damina. Amma Baba, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yarda a zuba ko mangala ɗaya a gangaren nan ba. Cewa yake abin da ka ajiye a nan, tafki ka ajiye wa.

Da Baba ya rasu, gandu ya koma hannun Yaya. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma hali kowa da nasa. Shi ba ka jin cikinsa. Ni kuwa abu ba ya kwana a bakina, gari duk an san ni da haka.

Wani rani sai wani mai gidan kaji na hanyar birni ya rasa inda zai kai kashin kajinsa, Yaya kuma ga lambun tumatir da albasa yana neman taki. Suka daidaita. Tifa ba ta iya shiga cikin gona, iyakarta gangaren, don haka a nan ta riƙa juyewa tana komawa, har abin ya yi tudu ya fi tsawon mutum. Wari kuwa ba a magana.

Na same shi na ce, "Yaya, nan fa Baba ya hana."

Ya ce, "Na sani. Kafin ruwa ya sauka an kwashe."

Ba a kwashe ba. Ruwan farko ya zo da ƙarfinsa, ya yanki tudun nan ya gangara da shi, baƙi ƙirin, har cikin tafki. Daga nan sama ta ɗauke, rana ta buɗe kamar bazara ta dawo. Ruwan da ya riga ya ja baya ya kwanta yana ɗumi, sannu a hankali ya koma kore. Ba gansakukar da muka sani ba ce, wadda za ka ture da hannu ka ɗebi ruwa a ƙasanta. Wannan ta gauraye da ruwan kamar an dama fenti, in dabba ta taka sai ka ga kofatonta ya rine. 'Yan karfasa suka fara tasowa ciki a sama.

Hankalina bai kwanta ba, don ruwa ba ya tsami banza. To wa zan tambaya? Yaya ne yake yini a bakin tafkin nan saboda lambunsa, babu wanda ya fi shi sanin halin da ruwan yake ciki. Na je da shanuna a hannu, na tsaya a gabansa na ce, "Yaya, tsakani da Allah, ruwan nan dabba za ta sha?"

Bai ko ɗago daga kwamin albasar ba. Ya ce, "Gansakuka ce. Kai ma dai da tsoro. In aka yi ruwa biyu zai wanke."

Fanfon burtsatse yana can wajen makaranta, ga layi, ga shanu biyu ba ƙaramin ruwa suke sha ba. Kuma yayana ne ya faɗa. Na sake musu igiya. Farin ya sansana, ya ɗan kurɓa ya janye. Jan kuwa dama makwaɗaici ne, ya dulmiya baki ya sha har cikinsa ya ɗaga.

Kafin la'asar jan ya fara karkarwa a turke, yawu na dalala, yana juya kai kamar bai san ni ba. Na ba shi kanwa, na ba shi jiƙo, duk a banza. Da ya zube, maƙwabcina mahauci ya ce a yi maza a yanka kada ya zama mushe. Na ɗauki wuƙar, na kasa, na miƙa masa na juya baya. Wallahi kuka na yi, da gemuna, a gaban matata.

Aka kira malamin dabbobi ya duba hantar. Ya ce kada wanda ya taɓa naman nan. Ya ce takin da yake ciyar da gero shi ne yake ciyar da koren abin nan a cikin ruwa. In ya yi yawa ga zafi, sai ya hayayyafa, wani irinsa da dafi, kuma in ya ruɓe ya shaƙe kifi. Haka muka haƙa rami muka binne sa guda, yankakke, halal ɗinsa. Yaya yana cikin masu haƙar, har ya fi kowa gumi.

A lokacin ban riƙe shi da komai ba sai gangancin taki. Na ce ƙaddara ce, shi ma bai san abin zai kai haka ba.

Ana nan sai matar Yaya ta shigo yi wa mai ɗakina jaje, ina zaune a rumfa ina jin su. Baiwar Allah ce, ba ta san dawan garin ba. Ta ce, "Ai mu ma haka tunkiyarmu ta yi, karkarwar nan da yawun. Tun ranar ya hana a kai tumakinmu tafki, jarka yake ɗauko musu a babur."

Na leƙa na ce, "Yaushe ke nan?"

Ta ce, "Ai an kwana biyu, tun kafin naku. A bayan gida ya binne ta, ya ce kada a yi surutu."

Ko takalmi ban tsaya sawa ba. Na same shi a lambu, na ce, "Yaya, ashe tunkiyarka ta mutu? Ashe ranar da na tambaye ka ka sani?"

Ya ci gaba da ban ruwansa. Can ya ce, "Ka san bakinka. Da na faɗa maka, kafin magariba mai unguwa ya ji, a ce ni na ɓata wa gari ruwa." Ya ƙara da cewa, "Na zaci sa ba tunkiya ba ne, zai iya ɗauka."

Wannan maganar ce ta fi ƙona ni. Ashe ba mantuwa ya yi ba. Ya auna abin a ransa, ya ɗora sana a gefe ɗaya, mutuncinsa a gefe ɗaya, ya zaɓa, ina tsaye a gabansa da igiya a hannu. Na faɗa masa maganganu a ranar waɗanda ba zan maimaita su a nan ba.

Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ce ɗan'uwa rabin jiki ne, in har ita ta haife ni kada zancen tunkiyar nan ya fita. Mutanen gari suka yi gayya suka kwashe ragowar tudun, aka hana dabbobi tafki har damina ta cika shi. An yi wa Yaya faɗan taki, ya ba da haƙuri, aka wuce wurin. Wasu ma har yabonsa suke, wai ya tsaya wa ƙaninsa ranar binne san nan. Ina ji, ina haɗiyewa. Bakina ɗin nan da Yaya ya ji tsoro har ya bar sana ya sha dafi, har yau bai tona shi ba.

Sa ɗaya ba ya jan garma. Na gwada haɗa farin da na aro, suka yi ta karkata kunya, na haƙura. Daminar nan da garmar hannu na yi huɗa, ni da nake yi wa rabin gari. Yaya yakan wuce ta gefen gonata a babur, ya rage gudu ya ce, "Sannu da aiki." Nakan amsa, don Inna. Muna sallah sahu ɗaya, suna da biki ba na fashi. Amma tun daga ranar ban sake tambayarsa komai ba. Ko cewa ya yi an ga wata, sai na fita na duba da idona.