Allurar Hajjin Maigida

Shekarar da Allah ya kira maigidana aikin Hajji, allurar rigakafi ce ta hana shi sukuni. Mutumin da ke kayar da bijimi a mayanka kafin hantsi, shi ne ya dinga zagaye tsakar gidanmu na Agege yana shafa damtse, tun da aka ce ba mai tashi sai an yi masa.

Na ce, "Baban yara, tsoro kake ji?"

"Ni? Tsoro? Disquiet ne kawai."

Wani lauya mai sayen jelar saniya a wurinsa ne ya koya masa kalmar. Ni na san ta tun sakandare. Rashin natsuwa ce irin ta manya, wadda mai karanta labarai kan ce ta kama jama'a in mai zai yi tsada. Ba a kai ta ɗakin allura. Amma ta rufa masa asiri, don mahauci ba ya furta tsoro gaban matarsa. A layinmu kuwa aka ɗauka sabuwar cuta ce, har maƙwabciyarmu Bayarabiya ta aiko masa da jiƙo mai ɗaci, ya shanye.

Muka sa rana, ya ce disquiet ɗin ya motsa. Da muka sake shiri muka hau keke napep, ya ce a juya ya manta hula, alhali tana kansa. Da na ga ana dab da rufe yin allurar, na yi nafila, na kama hannun rigarsa har asibiti.

Nas ɗin ta kalle shi. "Oga mai nama! Kai ne kake cika min leda da ƙashi, ko? Zauna."

Ya zauna, ya runtse ido, ya kama Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Ya idar, ya bar min wasiyyar wuƙaƙensa, wai a ba ƙaninsa.

"Maman yara, ki roƙe ta ta bi a hankali."

"Ai tun kana Bisimilla ta gama. Kujerar ake jira."

Ya buɗe ido ɗaya, ya leƙa audugar da ke damtsensa. "Anya ta shiga? Kada in je Jidda a komo da ni."

Nas ta ce in yana shakka ya miƙo ɗaya hannun ta ƙara masa. Kafin in ɗauki jakata, har ya tare keke a bakin titi.