Kafintan da ya nemi kwanciya gabas da uwarsa

A shekarun da nake aikin rubutu a kotun alƙali a Gumel, bayan Turawa sun kafa mulkinsu a ƙasar, aka kawo mana wani kafinta domin ya yi wa kotu ƙofofi da akwatunan ajiye takardu, saboda gara ta dame mu. Kirista ne, kuma shi ne Kirista na farko da na taɓa zama da shi a tabarma ɗaya. Yakan sa gajeren wando irin na mutanen kudu, amma a fuskarsa akwai tsagen mutanen ƙasarmu, Hausarsa kuwa irin ta yara ce, domin tun yana ƙarami ya rabu da ita.

Asalinsa wani ƙauye ne a ƙasar Sule Tankarkar. Mahara suka sace shi tun bai san hannunsa na dama ba, Turawa suka tare ayarin da ke tafe da shi, suka miƙa shi gidan 'yan mishan inda ake renon 'yantattun yara. Can ya koyi sassaƙa da karatu, can kuma ya shiga addininsu. Da ya girma ya nemi aiki a Gumel da gangan, ya yi ta cigiya a kasuwanni har wata tsohuwa ta gane tsagen fuskarsa a kasuwar Maigatari. Ƙanwar mahaifiyarsa ce. Ta kai shi gida, ta nuna masa kabarin uwar, wadda ta rasu tun kafin ya dawo. A bayan ɗaki aka binne ta, kusa da darnin gabas, kamar yadda mutanen ƙauye suke yi a wancan zamani. Gidan yana hannun kawunsa.

Mun saba da shi ne saboda ba ya iya aiki bakinsa a rufe. Wata rana yana goge katako, ya ce, "Malam, ku a wurinku, mutumin kirki in ya mutu ina ransa yake zuwa?"

Na gaya masa abin da na karanta: tambayar kabari, da zaman barzahu, da yadda ake yalwata wa salihi kabarinsa har ranar tashi. Sa'an nan na ce, "Ku fa, masu sa mamaci a akwati kamar kayan fatauci?"

Ya yi dariya, ya ce, "Malam, akwatin nan da kake zagi, irinsa ne ya tsare takardunka daga gara."

Daga nan ya bayyana mini cewa malamansa biyu ne, kuma ba su yi ittifaƙi ba. Na farko yakan ce ran adali ba ya jinkiri ko kaɗan, yana fita mala'iku za su ɗauke shi zuwa wurin hutu da suke kira ƙirjin Ibrahim, ya zauna cikin ni'ima kusa da Almasihu, jikin kuwa ya jira a ƙasa. Na biyu yakan ce barci ne kawai, ran ba ya sanin kome sai an busa ƙaho, kowa ya tashi daga inda aka kwantar da shi. Na ce masa ko mu ma malamanmu suna da saɓani a wasu rassan wannan magana, na tambaye shi wanne ya riƙa.

Ya ajiye abin gugarsa. Ya ce, "Na farko ya fi daɗin ji. Amma in da gaskiyarsa, ban sani ba ko zan tarar da Inna a can. Na tambaye shi, ya ce Allah ne masani, ya kau da kai. In kuwa na biyu ne mai gaskiya, to, akwai ɗan lokaci tsakanin tashi da hisabi. Ba na tuna fuskarta, Malam. An ce ku fuskarku gabas take kallo a kabari. In aka kwantar da ni gabas da ita, ko a wajen darni ne, tana buɗe ido ni za ta fara gani, ni ma in gan ta. Bayan haka Allah ya yi yadda ya so."

Ban yarda da aƙidarsa ba, kuma ban ɓoye masa ba. Sai dai ban taɓa jin ɗa ya nemi abin da ya fi wannan ƙanƙanta daga gidan uwarsa ba. Ya riga ya san ba shi da gado a gidan, domin ni da kaina na faɗa masa cewa a shari'a ba a gado tsakanin addini biyu, ya karɓa bai yi gardama ba. Abin da yake roƙo gefen gonar da ke bayan darnin ne, tsawon mutum.

Kawun ya ƙi. Wannan kawu kuwa ƙofar ɗakinsa kafintan ne ya sassaƙa, gadon da yake kwana a kai shi ya yi masa, kuma a kasuwa yakan yi alfahari da cewa ɗan 'yar'uwarsa yana aiki a bariki. Amma da aka zo kan tsawon mutum na ƙasa, sai ya tuna da addini. Hujjarsa ita ce ba za a sa Nasara tsakanin Musulma da alƙibla ba. Na binciki abin da na sani, na tambayi alƙali, ban sami nassin da ya hana binne mutum a gona a bayan darni ba. Har yau in na tuna raina yakan ɓaci, domin tsoron bakin maƙwabta ne aka sa wa rigar shari'a.

Da bazara ciwon ƙirji ya kama kafintan. Ya rame, tari ya hana shi riƙe zarto. Da na ga jikin ya yi nauyi, na nemi izinin alƙali, na hau doki zuwa ƙauyen. Kafin in tashi ya kama hannuna ya ce, "Malam, kada ka yi masa faɗa. Ka san halinka."

Na tarar da kawun a zaure yana igiya. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ai magana ɗaya ce. Ya yi kalmar shahada, in sa shi cikin gida ma."

Na ce, "Ba shi da niyya, kuma ba zan kai masa ciniki a bakin mutuwa ba."

Ya ce sai ya yi shawara da mai gari. Mai gari ya ce sai liman ya dawo daga Gagarawa. Haka aka riƙa tura ni daga zaure zuwa zaure, rana ta faɗi, wata ya fito. Na yi faɗan da aka hana ni, bai yi amfani ba. Wadda ta warware maganar ita ce tsohuwar nan, ƙanwar uwar. Ta fito har zaure, abin da ba ta saba yi ba, ta tsaya a kan wan nata.

Ta ce, "Yaya, ranar da aka sace yaron nan kana ina? Ba a rumbu ka ɓuya ba? Uwarsa ce ta bi sawun dawakai har ƙafarta ta fashe. Ta mutu tana kiran sunansa. Yau kai ne mai tsare mata alƙibla?"

Ya ce, "Ke, gaban baƙo?"

Ta ce, "Baƙon ya fi ka sanin zumunci. Gefen gonar nan rabona ne. In ka hana, ka tashi daga kan gadon da ya yi maka, ka koma tabarmarka."

Ya ce a yi, amma shi ba zai taɓa fartanya ba. Washegari na juyo da doki ina murna.

Na shiga Gumel bayan la'asar, na tarar da ɗakin kafintan a buɗe, an share. Tun da hantsi ya cika. Leburorin da suke aiki tare da shi, Musulmi ne dukkansu, suka ga ba shi da kowa a garin, zafi kuma ya yi tsanani. A wurinmu jinkirta gawa wulaƙanci ne, gaggauta ta kuwa girmamawa. Suka ce ba za su bar mutumin da bai taɓa cutar kowa ba ya kwanta kamar abin da aka yar ba. Suka wanke shi, suka naɗe shi a farin ƙyalle, suka haƙa masa a bayan bariki, suka rufe shi kafin azahar. Babbansu ya tarye ni yana cewa, "Malam, mun yi masa sutura, ba mu bari ya daɗe ba." Ba su san da roƙonsa ba, domin ni kaɗai da danginsa ya gaya wa. Na buɗe baki in yi magana, na ga fuskokinsu, sai na yi musu godiya.

Na nemi a tone shi a kai shi ƙauye. Alƙali ya ce ba a tone mamaci sai da larura mai ƙarfi, kuma bai ga wannan ta kai ba. Baturen bariki ya ce a irin wannan zafi ba zai yarda ba. Duka biyun suna da hujja, ban iya tunkuɗe ko ɗaya ba.

Sai na sake hawa zuwa ƙauyen domin in sanar da tsohuwar da bakina. Na same ta a bayan darni, ta riga ta share wurin, ta cire ƙaya. Ta saurare ni har na gama. Ta tambaye ni nisan bariki daga nan, na faɗa mata. Ta ce, "To, Malam, kai da ka ji karatunsu, malamin nan nasa na farko da ya ba ni labari, mai cewa ana tafiya nan take, yana da ilimi kuwa?"

Na ce mata ban san shi ba, Allah ne masanin makomar bayinsa. Ta ɗauki tsintsiyarta ta shiga gida. Da damina ta faɗi, kawun ya shuka gero a wurin.