Inshorar da Alkasum Ya Zaɓa

Alkasum direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, a wani kamfanin jigila a Zinder, gidansa yana unguwar Kara-Kara. Mutum ne marar yawan magana, kuma ba ya yarda kowa ya wanke masa mota sai shi da hannunsa. A farin 1984, da gero ya bushe tun bai fid da kai ba, yayansa Nomau ya taso daga ƙauyen Gidimuni da iyalinsa duka suka sauka a gidan. Kowa ya dogara da albashin nan ɗaya. Alkasum ya koma kai dawar agaji ƙauyuka, ya dawo da wani tari da ya ƙi barinsa.

Ana cikin haka wani ma'aikacin asirans, wato inshora, mai suna Suma'ila, ya zo gareji ya tara direbobi. Ya ce inshorar rai iri biyu ce. Ta farko sai likita ya auna mutum, tana da sauƙin biya, kuma tana fara aiki nan take. Ta biyu babu awo, amma ta fi tsada, kuma in ciwo ya kashe mutum kafin shekara biyu, abin da ya zuba kawai za a mayar wa iyalinsa.

Alkasum ya kai wa matarsa Zuliha zancen tana tankaɗen gari.

"Maigida, ka ɗauki mai awon mana," in ji ta. "Ko ba komai a duba tarin nan."

"In likita ya ga wani abu, kamfani zai ji. Su karɓe makullin mota. Wa zai ciyar da mutanen nan?"

'Ya'yan Nomau suna zaune a tsakar gida suna kallon tukunya.

Alkasum ya ɗauki marar awo. Daga nan ya sa wa ransa cika shekara biyu. Ya bar cin goro don ya riƙa biya, yana shan jiƙe-jiƙe, in tari ya taso sai ya fita bayan gida don kada a ga jinin. Damina ta dawo, Nomau ya koma gonarsa, amma Alkasum bai je asibiti ba. Ya ce saura kaɗan.

Wata ranar kasuwar Mirriya ya faɗi a gindin motarsa. A asibiti likita ya duba hoton ƙirjinsa, ya kira Zuliha gefe.

"Tarin fuka ne. Da bara kuka kawo shi, da magani ya kama shi."

Alkasum ya ji. Ya juya fuskarsa wajen bango. Can ya ce, "Zuliha, ki yafe mini. Na ɗauka ku nake tsarewa."

Ya rasu saura 'yan watanni wa'adin ya cika. Suma'ila ya zo gaisuwa da kansa, ya ajiye abin da aka zuba a bakin tabarma, bai iya ɗaga ido ba.

Da ta fita takaba, Zuliha ta kwashi yaranta duka ta kai su awo. Aka sami ciwon a ƙirjin Sakina, autarsu, wadda ta saba kwanciya a jikin babanta. Aka ɗora ta a kan magani, ta warke sarai. Zuliha ta kama tuyar ƙosai a bakin tasha, da ita ta raini yaran. Shekaru da yawa, in kamiyo ya tsaya kusa da kaskonta, sunkuyar da kai take yi har ya wuce.