Yadda Ɗan Brazil Ya Shigo Mana Gida Ranar Suna

Jego ne ya kawo ni Faransa. Maigidana ya rasu a Damagaram, na fita takaba, sai ɗana na uku ya aiko cewa matarsa ta kusa sauka, kuma ba ta da kowa a kusa. Haka na samu kaina a Vénissieux, bayan garin Lyon, can ƙololuwar wani dogon bene na unguwar Minguettes, inda in asansar, na'urar hawa bene, ta mutu sai mutum ya yi shawara da gwiwoyinsa kafin ya sauka sayen albasa.

Ta haifi namiji. Aka raɗa masa sunan kakansa, wato maigidana, kamar yadda ya dace. Saboda waɗanda suka tashi a nan, bari in yi bayani. A wurinmu mace ba ta kiran sunan mijinta. Na zauna da mutumin nan har aka ɗauke shi zuwa makwancinsa, bakina bai taɓa furta sunansa ba, ko cikin faɗa. Suruka ba ta kiran sunan uban mijinta. Ɗa mai tarbiyya ma ba ya kiran sunan ubansa gatsau. To ga jariri da suna, ga gida cike da mutanen da ba mai iya faɗin sunan. Abin da ake yi sananne ne, lakabi ake sa wa yaro. Ni na riga na tanadi nawa: Maigida. Da shi zan kira shi, da shi zan tsokane shi in ya girma, in tare shi a ƙofa in ce ina cefanena.

Aski ne ya ɓata mini shiri. Babu wanzami a garin, sai wani mutumin Tahoua ya zo da injin aski a leda. Da ya gama, kan yaron ya fito fes yana ƙyalli, ga goshi a murtuke kamar an ci masa bashi. Cikin baƙin akwai abokin ɗana, wani Malam ɗan Kano mai karatun haɗa magunguna, mai tabarau, wanda ba ya gama magana bai yafa mata Turanci ba. Ya leƙa zanen goyon, ya fashe da dariya, ya faɗi wani ɗan guntun suna, kamar mutum ya yi tari. Duk mazan falon suka ɗauka.

Na ce, "Wane ne wannan?"

"Hajiya, difenda ne. Sabon da aka sayo daga Brazil. Wallahi kansu ɗaya."

"Aka sayo? A wace kasuwa?"

Ɗana ya ce, "Inna, ɗan ƙwallo ne, mai tsaron baya. Wasa ake yi."

"Yana salla?"

Kowa ya duƙa kan farantinsa.

Wasan bai tashi da baƙin ba. Kafin a yi arba'in uwar ma ta kama, don sunan ya fitar da ita daga kunya ba wahala. Ni kaɗai na rage ina cewa Maigida, kamar mai magana da bango.

Tunda mutumin ya shigo mini gida ba sallama, sai na sa masa ido. Kujerata tana gefen tele, wato talabijin. Ban iya karanta abin da aka rubuta a bayan rigarsa ba, kuma ban buƙata ba, sanƙonsa ya ishe ni shaida. Na daɗe ina kallo kafin in gane sana'arsa. Sauran suna gudu da ƙwallo don su kai ta wani wuri. Shi ba inda zai kai ta. Yana tsaye can baya yana jiran wani ya kusa cin nasara, sai ya zo ya sa masa ƙafa. In mutum ya faɗi yana birgima, sai ya ɗaga hannuwa biyu ya buɗe ido, irin fuskar akuyar da aka tarar a rumbu. Na san masu wannan hali a unguwarmu, amma ba a biyansu, kuma ba a sa wa jarirai sunansu.

Duk lokacin da suka ci, sai ya kama tambarin da ke ƙirjin rigarsa ya sumbata, ya nuna sama da yatsa. Ɗana ya dafe ƙirji ya ce, "Kin gani, Inna? Wannan ɗan Lyon ne har cikin jini. A nan zai mutu."

Na ce, "Uwarsa ta sani?"

Shekarun nan ƙungiyar garin ta yi ta ɗaukar kofi. Ɗana yana aiki a wani depo, yana tuƙa injin ɗaga kaya tun safe, ya dawo yana dafe da ƙugu. Amma ranar da za a zaga da kofi cikin gari sai ƙugun ya warke. Ya ɗaura gyale a wuya cikin zafi, ya saɓa yaron a kafaɗa, a shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ana ihu. Wata shekara ɗan Brazil ɗin ya karye a gwiwa, aka fitar da shi a kan makara irin tasu. Ɗana bai ci tuwo ba ran nan. Ya zo ya tsuguna gaban dardumata.

"Inna, ki sa shi a addu'a."

"Wa?"

"Kin san wa."

"Gwiwata da nake ja a matakalar nan tun zuwana, wa ka taɓa kai wa ƙararta?"

Ya tashi yana ƙunƙuni da Faransanci. Gwiwar ta warke ba da addu'ata ba.

Yaron ya shiga lakwal, makarantar boko, ya fara famfara, sai ga labari: mutanen Paris sun saye ɗan Brazil. Wanda zai mutu a Lyon ya tattara kayansa cikin damina ɗaya. Ɗana ya dawo daga aiki bai cire takalmi ba, ya ciro hoton mutumin da ke manne jikin firigo, wato firiji, ya yayyaga, ya tsaya tsakiyar falo.

"Kada in ƙara jin sunan macucin nan a gidana."

Yaron yana ƙarƙashin tebur da motarsa ta roba. Ya leƙo ya ce, "Papa, ai ni ne."

Na ce a raina to, lokacina ya zo. Na dage da Maigida safe da yamma. Amma an makara. Matar da ke share matakala da sunan ɗan Brazil take gaishe shi, Balaraben kantin ƙasa da shi yake ba shi alewa, ƴan uwansa yara da shi suke kwaɗa masa kira daga filin wasa har sama. Uban ya yi mako yana ce masa "kai", sannan ya koma ruwa. Ya ce wai yaron daban, mutumin daban.

Ba a jima ba depon ya rufe. Wani ɗan uwa ya samo wa ɗana aiki kusa da filin jirgin Paris, muka kwashe muka koma Sevran, a unguwar Beaudottes. Muna cikin mota da katifu a kanmu na ce, "An sayo mutum, ga kayansa na biye da shi." Ba wanda ya yi dariya sai surukata, ita ma cikin mayafi.

A Sevran na ga abin da ban zata ba ko daga ɗana. Mutumin da ya yayyaga hoto, sanyi bai fita ba ya shigo da sabuwar riga mai launin mutanen Paris, ɗaya tasa ɗaya ta yaron. Wai a wurin aiki kowa nasu ne, mutum ba ya zama bare. Na koma kujerata gefen tele. Ga mai sanƙo, ga sabon tambari a ƙirji, ya kama ya sumbata da leɓen nan dai da ya sumbaci na Lyon, ya nuna saman nan dai. Na dubi ɗana. Ya ce zai duba shayi a wuta.

Daga nan sai gangara. Ƙafar ɗan Brazil ta yi nauyi. Samari suka fara wuce shi kamar an dasa shi, ya juyo yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Aka sayo wani ɗan ƙasarsu mai gashi buzu-buzu aka sa a gurbinsa. Shi kuma aka ajiye shi a benci cikin ƙatuwar rigar sanyi, yana taunar cingam, in tele ta hasko shi sai ya yi tafi. Wannan aikin kam ni ma zan iya. Daga baya aka ba da aronsa wata ƙasa, kamar turmi. Can ma ba su riƙe shi ba. Na ji an ce ya je wajen Larabawa, daga can ya koma garinsu.

Ni ban yi asarar komai ba. Yaron ne ya kwashi kayan. A filin unguwa, duk wanda aka wuce shi da ƙwallo ko ya faɗi da gindi, da sunan ɗan Brazil ake masa tsiya. Shi kuwa sunansa ke nan ko bai faɗi ba. Lokacin ya yi tsawo, murya ta fara buɗewa. Wata rana muna cin abincin rana ya ajiye cokali.

"Daga yau ba na amsa sunan nan. Fini."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Maigida ya dawo ɗakinsa."

"Shi ma ba na so, Kaka. Ni ba mijinki ba ne. A gaban abokaina kike cewa in ba ki kuɗin cefane."

"To ka bayar mana."

"Ina da suna. Yana kan takarduna."

Sai ya faɗe shi. A lakwal malamansu sun saba kiransa, amma a bakin Nasara sunan yakan fito a karye, har ba na jin na maigidana ne. Shi kuwa yaron ya faɗe shi daidai, yadda ƴan uwan marigayin suke faɗa. Na tsame hannuna daga kwano.

Kwanaki gidan ya zauna a kan "kai" da "wannan". Yaron ya kafe, in ba a kira sunan ba ko waiwaye. Uwar ce ta fara karyewa, a hankali, tana satar kallona. Sai uban. Da farko yana faɗa kamar mai taka ƙaya, kafin wata ya fita ya saba. Na samu abin da na roƙa shekara da shekaru, an kori ɗan Brazil daga gidan. Abin da ban lissafa ba shi ne, yaro mai wannan shekaru ba a kiransa sai in ya yi laifi.

Maigidana fatu yake saye yana sayarwa. Mutum ne da in ya yi gyaran murya a zaure, har kaji sai sun natsu. Yanzu ga sunansa ana aika shi zubar da shara. Ana tambayarsa wa ya bar safa a kan tebur. Ana buga masa ƙofar banɗaki ana cewa ya fito haka nan. Ina zaune ina jan carbi, sai in ji an kwaɗa wa mijina kira daga kicin an ce masa malalaci.

Ranar da abin ya ishe ni, yaron ya shigo da takalmin ƙwallo duk taɓo ya taka kafet ɗin da uwar ta gama gogewa. Ta fito da tsumma a hannu, ta kira sunan cikakke, ta ɗora masa jaki, ta ɗora masa ƙazami, ta ce ba a taɓa haihuwar marar amfani irinsa ba. Ina tsintar shinkafa. Na ɗauki ludayi na buga a tire har sai da uban ya fito daga ɗaki.

Na ce, "Ku zauna."

Suka zauna, har shi mai taɓon.

"Ke, wa kika ce wa jaki?"

"Inna, da yaron nake."

"Sunan wa kika kira?"

Ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Ya ce a kira shi da sunansa, kun kira. Ban hana ba, zamaninku ne. In za a ce ya zo ya ci abinci, ko an gode, ko Allah ya yi albarka, ga sunan nan. Amma in zagi ne, a gidan da nake numfashi ba za a ɗora shi a kan wannan suna ba. Kuna da wanda kuka sayo ranar aski. Ku zage shi da shi."

Yaron ya ce, "Kaka, na ce ba na amsa wannan."

"Wa ya ce ka amsa? Zagi ba a amsa shi, ji ake yi."

Uban ya soma murmushi, ya ga fuskata ya haɗiye. Ya ce, "Inna, mutumin fa ya bar ƙwallo, yana can garinsu yana hutawa."

"To ya samu lokaci ke nan."

Na tura wa surukata tsumman da ta yar. Ta ɗauka, ta dubi kafet, ta dubi ɗanta. Sannan ta kira sunan ɗan Brazil, ta maimaita masa jakin da ƙazamin ba ta rage ko ɗaya ba, ta ce ya cire takalman nan kafin ta ƙirga uku. Yaron ya dubi takalman. Ya duƙa ya kwance igiya, ni kuma na ja tirena na ci gaba da tsintar shinkafa.