Ranar da Kawu Bah Tonek ya faɗa rafi

A ƙauyenmu na ƙabilar Semai, can kan duwatsun jihar Perak, babu wanda ya kai kawuna Bah Tonek dariya. Ko tuntuɓe ka yi a gabansa, sai ya yi mako yana kwaikwayonka. Aikinsa saran gora da kafa tarkon kifi, kuma babu rafin da bai san mafarinsa ba. Abu ɗaya ne bai taɓa yi wa dariya ba, wato dabba, domin a wajenmu wanda ya yi wa dabba ko ƙwaro dariya ya jawo wa gari tsawa da zaizayar ƙasa.

Sai ga 'yarsa Han Luyi ta dawo daga jami'a da ragar kamun ƙwari. Wani ɗan ƙuda take nema, mai idanu a kan dogayen tsinkaye, ɗaya hagu ɗaya dama. Tana so ta tantance irinsa, ta kuma gano iyakar inda yake kaiwa a saman kogi. Kammala karatunta a kan wannan ya rataya.

Mai gari ya ga hoton ƙudan, ya kau da kai da sauri.

"Wannan halitta ai tarko ce," in ji shi. "Zan bi ku da kaina. Duk wanda ya yi mata dariya, an gama kamun ƙwari a ƙasata. Kai nake nufi, Tonek."

"Ni? Ranka ya daɗe, matata ma na kalla shekara da shekaru ban yi dariya ba."

Muka yi ta hawa, kawu a gaba, ni ɗauke da kwandon rogo. Luyi takan leƙa ƙarƙashin gaɓar rafi inda saiwoyi ke reto, ta kama ƙuda ɗaya, ta duba fikafikansa. Kawu kuwa da ya hango ƙuda sai ya cusa dafaffen rogo a baki. Tausayinsa ya kama ni sosai, mutum ya kumbura kamar tulu.

A rafi na ƙarshe, inda sanyi ya fara cizo, muka tarar da ƙudajen nan maza biyu a kan saiwa ɗaya. Sun yi gaba da gaba suna gwada tsawon idanu, suna ture juna da ƙafafun gaba. Na dubi kawu don in ga ko zai iya daurewa, sai na ga ba ƙudan yake kallo ba. Luyi yake kallo. Shekarun birni sun sassauta mata baki, kafaɗunta sun fara rawa, mai gari kuma yana juyowa.

Kawu ya yi ihu, ya ɗaga ƙafa sama, ya faɗa ruwa da baya. Luyi ta fashe, ni ma haka, har mai gari sai da ya riƙe ciki.

Kawu ya ɗago kai daga ruwa ya nuna sama. "Sama, ki shaida, ni suke yi wa! Tsohon banza da bai iya tafiya ba!"

Sama ta zauna garau, Luyi ta kama ƙudajenta ta gama aikinta. Da muka tashi saukowa ne muka ga kawu ba ya iya taka ƙafar dama, ashe a kan dutse ya sauka. Har yau da ɗingishi yake zuwa duba tarkonsa.

A hanya Luyi ta tallafe shi tana hawaye. "Baba, da gangan ka yi."

"Rufa mini asiri, 'yar nan," ya ce a hankali. "Mai gari yana bayanmu."